Kaya na kan teku, kuɗin fito na sauyawa: wa ke biyan giɓin?

Duk wanda ke sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari, ko faifan sola a PZ, ko injin ban-ruwa a Tudun Wada, ya san cewa ba a shagonsa ake yanka farashin kayansa ba. A tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da Onne ake yanka shi, ranar da jami'in kwastam ya buga lissafin kuɗin fito. Shi ɗan kasuwar Zariya yana nan da kalkuletarsa da littafin bashinsa, ya biya kuɗin kaya a Chaina tun wata biyu da suka wuce, sai ejan ya bugo waya daga Legas ya ce a ƙaro miliyan biyu domin lissafi ya canja. Ra'ayina shi ne, ɗan kasuwa zai iya rayuwa da haraji mai tsada muddin ya san adadinsa tun kafin ya tura kuɗi. Harajin da ke sauya kama bayan kaya sun hau jirgi shi ke cinye jari, kuma gwamnati na da ikon gyara wannan ba tare da ta yafe ko kwabo ba.

Sai an ga lissafin a fili za a gane inda gizo ke saƙa. Tun 2015 Najeriya ke bin jadawalin haraji na bai-ɗaya na ECOWAS, mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kowane kaya na da lambarsa ta HS, kuma lambar ce ke nuna hawan da zai faɗa. A kan jimillar kuɗin kaya da na jirgi da na inshora ake lissafa harajin. Mu ɗauki misali da kayan dala 10,000, kuɗin jirgi da inshora dala 2,000, jimilla 12,000, a hawan kashi 20. Harajin kansa dala 2,400 ne. A tsarin da aka daɗe ana bi, sai a ɗora kashi 7 na wannan haraji, dala 168; kashi 1 na asalin kuɗin kayan, dala 100; rabin kashi ɗaya na ECOWAS, dala 60. Bayan an tattara waɗannan duka har da kuɗin kayan, sai harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kansu, wajen dala 1,105. An tashi dala 3,833 ke nan, kusan kashi 38 na abin da aka sayo kayan, alhali a takarda kashi 20 aka rubuta.

To, ba da dala ake biya ba, da naira ake biya, a kan canjin da kwastam ke amfani da shi. In canjin yana naira 1,000, mai kayan zai biya wajen miliyan 3.8. In ya koma 1,500 kafin jirgi ya iso, ya zama miliyan 5.7. Kaya ba su ƙaru ba, hawan haraji bai motsa ba, amma an nemi ƙarin naira miliyan 1.9 daga aljihun mutumin da ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga abokan cinikinsa a kan tsohon farashi. Wannan ba zato ba ne. Kafin a saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi a watan Yunin 2023, canjin kwastam na wajen naira 422 ne. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500, kuma a cikin wannan watan kaɗai an sauya shi sau da dama. Kukan ya yi yawa har Babban Banki ya fitar da umarni a ƙarshen watan cewa a riƙa amfani da canjin ranar da aka buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya da ake buɗewa a banki. Wannan ita ce ƙa'idar da ta dace, kuma kamata ya yi ta zama doka tabbatacciya da ta shafi kowane irin caji, ta wuce matsayin takardar umarni da za a iya janyewa gobe.

Dubi abin da ya faru da cajin kashi 4 na kuɗin kaya, wanda dokar kwastam ta 2023 ta tanada. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar cikin 'yan kwanaki. Aka dawo da shi a Agusta, sai ma'aikatar kuɗi ta sake dakatar da shi a Satumba. Kwantena daga Chaina kan yi makonni shida zuwa takwas a hanya. Wanda ya yi oda a tsakanin waɗannan watanni, da wane lissafi zai sa farashi? Abin da kowane mai hankali zai yi shi ne ya ɗauki lissafi mafi muni ya ɗora a kan kaya, kuma ko an janye cajin farashi ba ya saukowa da wuri, domin babu wanda ya yarda ba za a dawo da shi ba. Mai sayen batirin sola a Samaru yana biyan kuɗin fargabar da ba ta shiga asusun gwamnati ba.

Ba duka laifin ne na hukuma ba, dole a faɗi wannan. Yawancin asarar da ƙananan 'yan kasuwarmu ke yi tana farawa ne daga takarda. Ƙa'ida ita ce a buɗe Fom M a banki kafin a loda kaya, a nemi takardar SONCAP ga kayan da hukumar SON ke sa wa ido kamar na lantarki, ko izinin NAFDAC ga abinci da magani da maganin feshi, sannan kwastam su fitar da takardar PAAR, wato rahotonsu na kimanta kayan, kafin jirgi ya iso. Da yawa sai kaya sun kusa Legas suke fara neman waɗannan. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ke bayarwa kaɗan ne. Da sun ƙare sai kuɗin jinkirin kwantena ya fara hawa kullum, ga kuɗin ajiya na tashar shi ma yana nasa hawan, kuma yana daɗa tsada gwargwadon daɗewar kaya. Mako uku na jiran takarda ɗaya na iya lashe ribar kwantena sukutum.

Sai batun lambar HS. Akwai ejan da zai ce maka zai shigar da kayan a lambar kashi 5 maimakon 20, a raba ribar. A misalinmu na sama, bambancin dala 600 ne da 2,400, don haka abin na da jan hankali. Amma in aka buɗe kwantena aka ga saɓani, za a buga takardar neman cikon kuɗi, a ƙara tara, kaya kuma na zaune kuɗin ajiya na tafiya. Ko an fita daga tashar lafiya ba a tsira ba, domin rundunar kwastam ta shiyyar B mai hedikwata a Kaduna na kan hanya, kuma abin da ke cikin mota za su gwada da abin da ke takarda. Direban tirela ya miƙa takardu ta taga, jami'i ya haska tocila ya ga an rubuta kayan gyara, a buɗe baya a tarar da injuna a haɗe: nan tafiya ta tsaya, Zariya na gabansa tafiyar sa'a guda. Sunan mai kaya ne a Fom M, ba na ejan ba, shi za a nema. Tun 2024 kwastam suka buɗe hanyar da mai shigo da kaya zai nemi hukunci a rubuce kan lambar kayansa kafin ya yi oda. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Sabon Gari za su iya neman wannan a madadin mambobinsu kan kayan da suka fi shigowa da su.

Masu haɗa kaya a kwantena ɗaya, waɗanda ake caja da kilo ko da girman kwali, su ne mafi yawa a garin nan, kuma haɗarinsu daban ne. Mutum ashirin a kwantena guda, ɗaya ya cusa magani ba izinin NAFDAC, ko gwanjo, ko tsofaffin tayoyi da doka ta hana, sai a riƙe na kowa. Kafin ka ba kamfanin kago kayanka, ka tambaya a rubuce ko farashin da suka yanka ya haɗa da kuɗin fito har zuwa Kano ko Kaduna, wa zai ɗauki ƙarin in canji ya tashi, kuma ka nemi kwafin rasidin biyan kwastam. Wanda ya ƙi nuna rasidi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Iyakokin tudu kuwa labarinsu ya fi ciwo ga Arewa. An hana shigo da motoci ta tudu tun farkon 2017. An rufe iyakoki a Agustan 2019, aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ba da jimawa ba suka sa nasu cajin na rabin kashi ɗaya kan kayan da ke shiga ƙasashensu. Kowace rufewa ba ta tsayar da kaya, hanya kawai suke canjawa su bi daji, mai takarda ya zauna, ɗan fasa-ƙwauri ya ci kasuwa.

Akwai masu cewa haraji mai sauyawa makami ne da gwamnati ke buƙata don kare manomi da masana'anta, ko don sauƙaƙa wa talaka in abinci ya yi tsada. Ban musa ba. Amma a duba janye haraji na tsawon kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Sanarwar ta zo ne bayan manomin Giwa da Soba da Maƙarfi ya riga ya sayi taki da tsada ya yi shuka. Da an faɗa masa tun watan Maris, da ya san yawan gonar da zai noma da bashin da zai ci. Manufar na iya zama daidai, lokacinta ne ya cuci wanda ba shi da bakin magana a Abuja.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Duk wani sabon caji ko sauyin hawa a ba da sanarwar aƙalla kwana 90, kuma kada ya hau kan kayan da aka riga aka buɗe wa Fom M. A wallafa sauyin da Hausa, a karanta shi a rediyo, domin mai shago a Kwangila ba ya bin shafin kwastam a intanet. Sannan a sa tashoshin tsandauri su yi aikin da aka gina su dominsa. Zariya na tsakiyar guda uku: ta Kaduna da ke Kakuri wadda aka buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. In kwantena za ta taso daga Legas a rufe da hatiminta, a buɗe ta a Kakuri ko Funtuwa a gaban mai ita, zai ga abin da jami'i ya gani, ya yi gardamar lambar kayansa da bakinsa, ya biya a bankin da ya sani, ya kwana a gidansa a ranar.