Na'urar sikanin ba ɗan duba ba ce

Makon jiya na bi ta Sabon Gari na tarar an kafa rumfa da lasifika wai ana "gwajin jiki gaba ɗaya". Ka damƙe wani ɗan ƙarfe a hannu minti ɗaya, kwamfuta ta zayyano maka hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, daga nan a miƙo maka kwalaben magani. Layi har bakin titi. Damfarar ba ta ba ni haushi kamar abin da ya haife ta ba, wato wannan imani da muka yi cewa na'ura ce ke gano ciwo, likita ɗan rakiya ne kawai. Yanzu mutum zai shiga ɗakin likita, ko zama bai yi ba, "likita a rubuta min sikanin".

Sikanin ɗin me? Na ina? Ana neman me?

Akwai wani kawuna, tela ne a cikin gari. Shekaru ya yi yana fama da ciwon kai da zufa da kasala, ga minshari da ya addabi gidan, daga baya suga da hawan jini suka shigo. Maganin taifot kam ya sha har ya gaji, sikanin ciki sau uku, kowane karo a ce lafiya lau, har 'yan uwa suka fara zancen sammu. Ranar da Allah ya kawo sauƙi wata likita ce ta ƙura masa ido ta ce "Baba, hularka ta bara tana shiga kanka?" Ya yi dariya ya ce ai duk ya rabar da su, takalma ma ya ƙara lamba, zoben azurfarsa sai da aka yanke shi. Ta karɓi tsohon katin zaɓensa ta haɗa hoton da fuskar da ke gabanta: haɓa ta turo gaba, hanci ya faɗaɗa, wushirya ta fito wa mutumin da ba a haife shi da ita ba.

Sunan ciwon akromegali, wani likitan Faransa Pierre Marie ne ya raɗa masa a 1886, kafin ma a gano hoton eksire a 1895. Wani ɗan ƙullutu ne ke fitowa a wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai ta riƙa zubo sinadarin girma fiye da ƙima, babban mutum hannuwansa da ƙafafunsa da muƙamuƙinsa su ci gaba da girma a hankali yadda na gida ba sa lura. Sai bayan wannan kallon aka yi gwajin jini, sannan MRI, sikanin da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, na daidai wurin, ƙullutun ya fito ɓaro-ɓaro. Ko sau ɗari za a yi masa sikanin ciki ba za a gani ba, don ba can aka ajiye shi ba.

Haka ciwon Wilson, wanda tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Matashi ya fara karkarwa, magana ta sarƙe, hali ya canza, mu kuma sai ruƙiyya, alhali akwai wani zobe ruwan ƙasa da ke zagaye baƙin ido wanda likitan ido zai gani da fitilarsa, kuma ciwon yana da magani in an kama shi da wuri.

Masu cewa na'ura ba ta ƙarya, ɗan Adam ne ke kuskure, su faɗa min wa ke karanta hoton. Ni fa ba gaba nake da MRI ko CT (sikanin da ke aiki da hasken eksire) ba, ba don su ba da kawu sai dai hasashe. Amma hoto amsa yake bayarwa, kuma sai an yi masa tambaya. Wanda ya yi shi kara zube zai iya cin karo da wani ɗan tabo marar illa ya hana kansa barci wata shida, ga kuɗi sun tafi, ga CT kuma haskensa ya ninka na eksire sau da yawa, ba abin yi don marmari ba ne.

Laifin ba namu kaɗai ba ne. Likitan da mutum sittin ke jira a ƙofarsa yaushe zai tambayi hula? Rubuta sikanin ya fi sauri, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, suna da kaso a inda suke turawa. Hukuma ta kwashe rumfunan nan, a ƙara likitoci, ƙananan asibitoci su daina riƙe mara lafiyar da ya dawo sau uku da kuka ɗaya, ga asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya nan kusa a tura shi. Mu kuma in za mu je, a tafi da tsofaffin takardu da tsohon hoto.

Kawu dai an yi masa aiki ta hanci an cire ƙullutun, sugan ya lafa, minsharin ya ragu. Takalman ne ba su koma lambarsu ta da ba.