Ba kowane ciwon dubura ne basir ba

Mai ɗauke da HIV zai riƙe maganinsa da kyau, ƙwayar cuta ta kwanta, jiki ya murmure, amma akwai wuri guda da kunya ke hana a duba: dubura. Da an ga jini ko ɗan kumburi sai a ce basir ne, a nufi mai saiwa. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin sankarar wurin ta fi kama masu HIV nesa ba kusa ba.

Ƙwayar HPV, musamman nau'i na 16, mai jawo sankarar bakin mahaifa, ita ce ke lalata fatar cikin dubura. Tana fara sauya saman fatar, matakin da likitoci ke kira HSIL, kuma yawanci babu zafi babu jini. Ba sai an sadu ta baya ba. Mace mai HIV da aka taɓa ganin matsala a bakin mahaifarta ma tana cikin haɗari.

An daɗe ana gardama ko yi wa wannan tabo na HSIL magani yana da amfani. Binciken ANCHOR na Amurka da aka wallafa a 2022 ya raba gardamar. Mutum sama da 4,400 ne masu HIV da HSIL, masu shekara 35 zuwa sama: rabi aka yi musu magani, rabi aka sa musu ido kawai. Mutum 9 suka kamu da sankara a rukunin farko, 21 a na biyu. Haɗari ya ragu da kashi 57 cikin ɗari.

Yatsan likita yana jin ƙullutun sankara, amma ba ya jin HSIL, don a shafe yake da fata. Shi ya sa ake zura ɗan gajeren bututun roba, a jiƙa bandeji da ruwan asid mai ƙarfin kashi 5, irin na gwajin bakin mahaifa, a bar shi ciki minti ɗaya zuwa biyu. Wurin da ya lalace sai ya yi fari a ƙarƙashin na'urar ƙara girma. A tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Idan an tabbatar, a yi allurar kashe zafi, a ƙone saman tabon da tsinin lantarki, mutum ya koma gida ranar. Akan yi kwanaki ana jin raɗaɗi da ɗigon jini. Zama cikin ruwan ɗumi da maganin laushin bayan gida suna sauƙaƙawa.

Akwai maganin shafawa, imiquimod ko fluorouracil, amma sai an yi makonni, ga ƙuna, wasu kan watsar a tsakiya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayan ƙonar. Ƙwayar HPV tana nan a fatar da ke kewaye, tabon yakan dawo, don haka dole a koma dubawa bayan wata 6. Idan kuma aka ƙone kewayen duburar gaba ɗaya a zama guda, ƙofar na iya tsukewa. Shan taba ma yana ƙara dagula lamarin.

Ƙwararru sun ce a fara duba maza masu HIV da ke saduwa da maza daga shekara 35, sauran masu HIV daga 45. Na'urar duba duburar kusan ɗaya ce da ta duba bakin mahaifa, don haka asibitocin da ke raba maganin HIV ya kamata su horar da ma'aikata, su riƙa tambayar lafiyar dubura da kansu, a sirrance, ba tare da tsangwama ba.