Ƙwallon da na ci ni kaɗai a garinmu

Tun da abin nan ya faru na daina bi ta bakin tasha da daddare, domin har yanzu akwai yaran da da zarar sun hango ni sai su nemi tsohon bokiti su fara kaɗawa, alhali da safe su ne ke durƙusawa suna gaishe ni a ƙofar aji. Waɗanda suke wurin sun riga sun baza labarin har Ringim, wasu da ƙarin gishiri, saboda haka gara a ji daga bakin mai shi.

Asalin maganar dai na gaji ne da biyan kuɗin setilayit. Kowane wata sai an biya, ko an kalla ko ba a kalla ba, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ta haura naira 600, janareta ya koma mazaunin kaji, sai ɗan batirin sola da ke riƙe talabijin awa uku ko huɗu. Cikin tarin tashoshin da nake biya wa kuɗi, uwargida ba ta wuce Arewa24, yara ba su wuce katun, ni kuma ƙwallo ce kawai tawa. Wani abokin aikina ya ce duk wannan yana intanet, finafinan Kannywood masu dogon zango ma a YouTube ake sakin da yawansu kyauta. Ranar wata Asabar na shiga Kano, na nufi kasuwar waya ta Farm Centre, inda wani yaro mai shago ya kira ni Alhaji sau uku, ya jera mini Fire TV Stick da Chromecast da wani ɗan akwatin Android, ya ce dukkansu a ramin HDMI na bayan talabijin ake cusa su, kuma dukkansu Wi-Fi suke sha. Na zaɓi akwatin saboda ya fi araha kuma ya fi kama da dikodar da na saba. Netflix na bar ta a nan, tun da ita ma biyan wata ce da katin banki, kuma babu ƙwallon da nake nema a cikinta. Yaron ya zuba mini wata manhaja da ya ce duk ƙwallon duniya tana ciki. Tambayar da ban yi ba ita ce ta data, sai daga baya na karanta cewa hoto mai kyau sosai yakan cinye har gigabayit 3 a awa guda, matsakaici kuma wajen 0.7.

Da na dawo na kwance farantin setilayit ɗin daga kan soro na miƙa wa uwargida, na kuma sanar a majalisa, a gaban shaidu, cewa zamanin faranti ya wuce.

Sai dai a garinmu sabis mai ƙarfi ba ya sauka ƙasa. Na zagaye gida da waya a hannu kamar mai neman ɓatacciyar allura, na gano cewa 4G ba ta kamawa sai a daidai saman rumbu. Don haka na zura wayar a cikin safa, na ɗaure a kan doguwar gora, na jingina da katanga, na kunna mata raba intanet, akwatin kuma ya riƙa jawowa daga zaure. Dabarar ta yi aiki, kuma duk mai cewa ba ta yi ba bai ga yadda uwargida da maƙwabta suka kwashe mako guda suna kallon finafinai ba.

A nan ne Baffa ya shigo. Wanda ya san Baffa ya san rediyonsa, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da kyauron roba, aka kuma ƙara wa eriyarsa wayar keke. Yakan ce shi da sashen Hausa na BBC sa'o'in juna ne, domin a 1957 aka buɗe shi, shi ma a shekarar aka yanke masa cibi, ko da yake 'yan'uwansa sun ce ya rage uku. Batir ba ya mutuwa a hannunsa, sai ya shanya shi a rana ya daddanna da haƙori ya mayar. Ni da shi kuwa akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tun maganar iyakar gonar fadama, wadda ba zan tayar a nan ba, illa in ce har gobe ban yarda tsamiyar nan a ɓangarensa take ba. Da ya ga gorar sai ya tsaya ya daɗe yana kallon safar tana lilo, sannan ya tambaye ni ko tutar sabuwar jam'iyya ce. Na yi masa bayani cikin ladabi, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ɗana, abin da rediyo ya ji a zaune, waya ko ta hau gora ba za ta gani ba." Na yi dariyar da ake yi wa manya, amma na ƙudure a raina sai na kunyata rediyon nan.

Damar ta zo ranar Laraba, 7 ga Fabrairun 2024, ranar wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka, Najeriya da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké na Kwaddibuwa, da ƙarfe shida na yamma agogonmu. Na yi shela cewa a zaurena kallo kyauta ne, ba sai mutum ya kai kuɗinsa gidan kallon bakin tasha ba. Mutum kusan ashirin suka cika zauren, muka saki labulen buhu saboda sanyin hunturu. Baffa ma ya zo, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya manna rediyo a kunne. Na roƙe shi alfarma guda, cewa duk abin da ya ji ya riƙe a cikinsa, ya ce ya ɗauki alkawari.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne halin wannan ɗan zoben da ke fitowa tsakiyar hoto yana juyawa. Duk sa'ad da iska ta kaɗa gorar, hoto yakan tsaya, 'yan wasa su sandare, zoben ya yi ta zagaye, sannan wasa ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Ni a zatona ladabi ne irin na fasaha, ba ta son mu rasa komai. Ashe kowace tsayawa bashi ce ake tara mana, daƙiƙa ashirin nan, rabin minti can, har muka koma muna kallon tarihi muna zaton yanzu ne. Ana cikin zagaye na biyu muka jiyo wata sowa daga nesa, wani ya ɗaga kai, na ce 'yan biki ne. Bayan wasu mintuna Troost-Ekong ya ci mana fenareti a minti na 67, muka yi tsalle, Baffa ko gezau. Can kuma aka sake wata sowar daga nesa, wadda ta tashi da ƙarfi ta mutu farat ɗaya, na sake cewa 'yan biki ne. Baffa ya yi gyaran murya kawai. Aka kira isha'i, muka ce saura kaɗan a tashi, ma yi namu jam'in.

Sai ga Osimhen ya zura ta biyu, saura kamar minti biyar a tashi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Biyu da nema! Na fizgi bokitin ƙarfen da ke bakin randa, na cire takalmi ɗaya na mayar da shi makaɗi, na tsallake ƙafafun Baffa na yi waje. Na tuna sarai ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, sai ya tuna alkawari ya mayar da hannun kan gwiwa. Wannan ɗaga hannun da mayarwar, su ne ban yafe ba. Yara huɗu ko biyar suka biyo ni, na nufi bakin tasha da niyyar in nuna wa masu faranti cewa mu ma mun gani, kuma ba mu biya ko kwabo ba.

Na iso ina kaɗa bokiti, hula a karkace, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina kirarin da ban taɓa sanin na iya ba, ina cewa biyu da nema, a kawo Kwaddibuwa, a kawo kowa ma. Mai gidan kallon ya ɗage zanan gaba saboda cunkoso, don haka kowa yana ganina, ni ma ina ganin kowa. Abin da na fara lura da shi shi ne babu mai tsaye. Mutum fiye da sittin sun yi jugum-jugum, wasu sun yi tagumi, wasu sun ɗora hannu a ka, mai shayi ya tsaya da kofi a sama bai zuba ba. Maimakon in fahimta, sai na ɗauka farantinsu ne ya makara, na ƙara ƙarfin kiɗan, na ce musu, "Ku yi haƙuri, tana nan tafe, mu mun riga mun gani!" Wannan jimla ita ce yanzu ake gaishe ni da ita a kasuwa. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wani ɗalibina na aji shida ya taso a hankali, ya rusuna kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Malam, ai an soke ta. An duba na'urar bidiyo, an ba su fenareti, har sun rama." Na ɗaga kai na dubi talabijin ɗinsu, na ga ɗaya da ɗaya a kusurwa, ana ta maimaita yadda Mokoena ya buga tasa a minti na 90. Hannuna bai samu labari da wuri ba, sai da ya ƙara dukan bokitin sau ɗaya, kuma a cikin wannan shirun ƙarar ta yi kamar an saki tasa a gidan makoki. Yaran da suka biyo ni na waiwaya ban ga ko ɗaya ba.

Da a nan abin ya tsaya da na shanye. Ina juyawa sai ga mutanen masallaci sun fito, liman a gaba, surukina a gefensa da carbi da tocila. Ya haska ƙafata marar takalmi, ya haska bokitin, bai haska fuskata ba, wanda na ɗauka a matsayin rahama. Na durƙusa a wurin, bokiti a hammata, na ce, "Baba, barka da dare." Ya ce, "Barka kadai, Malam. Lafiya dai? Ba mu gan ka a sahu ba, na ce ko jiki ne." Na ce lafiya ƙalau. Ya ce, "To madalla. Ruwa za a ɗebo?" Na ce e. Ni da nake da rijiya a tsakar gida, na ce e, kuma don kada in ƙaryata kaina sai da na bi hanyar famfon makaranta har suka sha kwana.

Na koma zaure na tarar sai a lokacin alƙalin wasanmu yake tafiya wajen na'ura, jama'ata suna ta musu cewa ba za a soke ba. Ban ce komai ba, na zauna na sake kallon abin da na riga na sani, Baffa kuwa yana gyara eriya da fuskar mutumin da bai taɓa yin laifi ba. Na ce masa a hankali, "Baffa, ai ka tsayar da ni." Ya ce, "Ɗana, kai ka sa ni alkawari, kuma ni ba na motsa iyaka." Kowa ya san inda ya dosa.

Aka shiga ƙarin lokaci, aka ba ɗan bayansu jan kati, aka zo bugun fenareti, kuma a daidai nan zoben ya fito bai sake tafiya ba. Na sauko da gorar, na zaro wayar daga safa, na ga saƙon cewa datata ta ƙare. Gigabayit ɗin da na ware wa wata guda sun tafi a kwana tara, domin akwatin da kansa yake zaɓar hoto mafi kyau in ya samu sarari, ga shi kuma ashe ƙanin uwargida ya raba lambar sirrin ga duk samarin layinmu, suna zama a gindin katanga suna sha daga waje. Mai sayar da kati ya rufe ya tafi kallo. Mutum ashirin suka juya mini baya suka kewaye buzun Baffa, shi kuma sai da ya ja rai, ya ciro batir ya daddanna, sannan ya ƙara murya. A rediyon nan mai kyauro muka ji Nwabali ya tare biyu, muka ji Iheanacho ya ci ta ƙarshe, huɗu da biyu. Kowa ya fita da gudu yana ihu, wannan karon a kan lokaci. Ni na zauna, domin ban ga da wace fuskar zan sake fita ba, kuma wani ya riga ya tafi da bokitin.

Wasan ƙarshe na ranar Lahadi, wanda Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya, a gidan kallo na gan shi, can baya, da rawani. Akwatin yana nan, na koyi rage ingancin hoton don ya rage cin data na kuma canza lambar sirri, uwargida tana kallon finafinanta a YouTube lafiya lau, tun da fim bai damu da makarar minti bakwai ba. Na nemi ta dawo mini da farantin in mayar kan soro saboda ƙwallo, ta ce ta shanya kuɓewa a ciki, kuma ba ta taɓa samun abin da ke busar da ita da sauri haka ba, in bari sai bayan kaka. Bokitin ma har yau ba a dawo da shi ba, kuma ina da wanda nake zargi.