Ranar da na riga kowa fita

An kawo mana sabon shef a ma'aikatarmu da ke gefen unguwar Zengo a Damagaram, mutumin da ya yi karatu a Faransa. Bai yi sati biyu ba ya ce za mu fara atisayen gobara: in ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, a fita a natse, a taru ƙarƙashin dogon yaro a ƙirga mu. Wai a can Faransa, wurin aikin da ya tara mutum fiye da 50, dokar ƙwadago ta ce a yi wannan gwaji aƙalla duk wata shida.

Ni da bakina ba ya ajiyuwa, na ɗaga hannu. Na ce, "Shef, mu fa har da Baba maigadi mu 23 ne." Sai na zazzage abin da na kwana ina tsinta a waya: a Ingila, masu dokar gobara ta 2005, sau ɗaya a shekara gwamnati ke cewa a yi, a rubuta sakamakon. A Amurka kuwa, hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata, tsarin fita a rubuce take nema wurin mai ma'aikata fiye da 10, ba ta ɗora wa kowane buro atisaye ba.

Shef ya bar ni na gama tas. Ya ce a Amurkar da nake taƙama da ita, a 1911 wuta ta cinye mutum 146 a wata masana'antar ɗinki ta birnin New York, an kulle musu ƙofofi. Sannan ya yi murmushi. "Tunda ka san doka haka, Malam, kai ne ɗan baya. Ka leƙa kowane ɗaki, kai za ka fita ƙarshe." Ya miƙo mini riga ruwan ɗorawa da usur. Na jefa su a durowa, na manta.

Wata Alhamis bayan azahar, ana zafin nan na Damagaram mai narka ƙwaƙwalwa, na sha fura na jingina. Ban ce barci nake ba, amma ido a rufe yake. Sai ƙararrawa ta tsage.

Wallahi ban san lokacin da na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na tsallake tebur, na yi fatali da kwanon alkakin da Hajiya mai kuɗi ke sayar mana, takalmi ɗaya ya tsaya a baranda, ban ko waiwaye shi ba. Dogon yaro kuwa na wuce shi kamar ina da bashinsa. Sai ga ni a titi ina "Gobara! Jama'a, gobara!"

Kun san mutanenmu da taimako. Mai shayi ya taso da jarka, yara da bokitai, wani ɗan kabu-kabu ya buga 18, lambar 'yan kwana-kwana. Wata tsohuwa ta gan ni ina haki, ta ɗauka daga cikin wutar na fito, ta juye mini bokiti guda tun daga hula, tana "Sannu ɗan nan, Allah ya tsare gaba."

Da na koma, jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya ba takalmi, na tarar da mutum 21 a jere a inuwa, shef riƙe da agogo da rajista. Saura biyu: ni, da direbanmu da ke sharar barci a sito, wanda aikina ne in tashe shi. Ana cikin haka motar 'yan kwana-kwana ta kunno kai da jiniya. Shef ne ya je ba su haƙuri, ni kam na laɓe bayan bishiya ina matse babbar riga.

Hajiya ta matso ta ce a hankali, "Malam, wannan gudun dokar Ingila ce ko ta Amurka?" Sannan ta karɓi jaka biyu kuɗin alkakinta.

Washegari aka karɓe rigar da usur aka ba Baba maigadi, mai ciwon gwiwa. Shef ya ce shi dai ko ya so, ba ya iya riga kowa fita.