Kifin da aka ce ko a kofi zai zauna

Mutumin da ya sayar mini da kifin nan, duk inda yake na yafe masa, amma ban manta ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi da wahala. Ko a kofi ka ajiye shi zai zauna." Na dubi kifin, ja wur, jela ta bazu kamar an shanya mayafi, yana hararata daga cikin kwalba. Tsawonsa bai wuce yatsana ba. Na ce a raina, abin da zai zauna a kofi ai ba zai gagare ni ba.

Betta ake ce masa. Asalinsa Tailan da maƙwabtanta, cikin fadamu da gonakin shinkafa, kuma sunan da mutanen can suke kiransa ma'anarsa kifi mai cizo. Da na san haka tun farko, da na yi wa kaina faɗa. Yara suka raɗa masa suna Janar, saboda yadda yake sintiri yana duba kowa sama da ƙasa.

Daren farko na ɗauki waya na shiga bincike, nan ido ya raina fata. Gaskiya ne zai iya zama a kofi, kamar yadda mutum zai iya kwana a cikin kwali. Yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa ba ya saurin mutuwa a ruwan da ya lalace. Amma in ana son ya ji daɗi, sai akwatin gilashi mai cin kamar lita 20, ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 24 da 28, matatar ruwa marar ƙarfi don kada ta riƙa jan jelarsa, da murfi, domin malamin yana tsalle. Washegari na shigo gida niƙi-niƙi da akwati, da na'urar ɗumama ruwa, da fitila, da yashi, da guntun itace, da tsirrai a leda. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare mini kallo.

"Baban yara, wannan duk kofin ne?"

Ban tanka ba.

Akwai wani abu da ake ce a yi kafin a saka kifi: a bar akwatin yana aiki mako huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna a matata, su riƙa mayar da amoniyar da ke cikin kashin kifi zuwa abin da ba ya kisa nan take. Ni kuwa kifina yana hannu, ya zan yi da mako shida? Na zuba maganin kashe kilorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, na juye Janar ciki. Hukuncin wannan gaggawa shi ne canjin ruwa kusan kullum, da tiyo da bokiti. Ana sa bakin tiyo ɗaya a akwati, ɗayan a bokiti a ƙasa, sai a ɗan zuƙa don ruwa ya taso. A ɗan zuƙa, aka ce. Ni na ja da ƙarfin mai shan abu da tsinke, daidai lokacin da ɗaya bakin ya nutse cikin yashi, inda Janar yake ajiye abin da ya ci jiya. Ba zan bayyana ɗanɗanon ba. Ƙaramin ɗana, da yake tsaye yana kallo, ya tambaye ni da zuciya ɗaya, "Abba, da daɗi?"

Tsirrai kuma na ce wannan fagena ne, ai shuka shuka ce. Na tona yashi na binne anubiyas da wani mai kama da gashin tsuntsu da ake kira fan na Jaba, na danna su sosai har wuya. Ashe waɗannan biyun ba a binne su. Suna da wani kara mai kauri da ke kwance, daga shi ganye da saiwa suke fita, in aka rufe shi ruɓewa yake yi. Ɗaure su ake yi da zare a jikin itace ko dutse. Da na ga ganye yana yin rawaya, sai na yanke hukunci cewa haske ne bai isa ba, na bar fitila a kunne tun asuba har sha ɗayan dare, alhali awa shida zuwa takwas ta wadatar. Cikin kwana goma gansakuka ta rufe gilashi, ruwa ya zama kore shar. Janar sai dai ka hango wani jan abu ya gifta, kamar mota a cikin hazo.

Abu ɗaya ne ya yi albarka a gonar nan tawa: dodon-koɗi. Ban saye shi ba, ƙwansa ne ya biyo ganye. Na ga ɗaya na ce madalla, baƙo. Bayan mako uku na ƙirga talatin da bakwai na gaji.

Sai ranar da Janar ya mutu. Na fito da safe na same shi kwance a kan ganye, ya karkace gefe guda, launinsa ya koɗe, ko motsi. Na yi salati. Na fara tsara yadda zan gaya wa yara, har na shirya 'yar nasiha a kan cewa kowane mai rai mamaci ne. Na ɗauko ragar kamu na zura a hankali, cikin girmamawa. Gawa ta yi wuf ta tashi, ta buɗe kumatu, ta kai wa raga cizo. Barci yake yi. Haka suke kwanciya a kan ganye kusa da saman ruwa, kuma da yake kifi ba shi da fatar ido, ba ka gane mai barci da wanda ya riga mu.

Ba a jima ba cikinsa ya kumbura, yana iyo a karkace. Na tara iyali na yi bincike irin na 'yan sanda. Ni ina ba shi abinci da safe. Uwargida tana ba shi in na fita, wai yana kallonta da tausayi. Yara biyu kowa yana ba shi a ɓoye. Kifin da ake cewa cikinsa bai fi ƙwayar idonsa ba, yana cin abinci sau huɗu, kuma duk wanda ya zo sai ya yi masa rawar wanda bai ci komai ba tun shekaranjiya. Muka sa shi azumin kwana biyu, ya saɓe.

Babban abin kunyar dai shi ne kumfa. Wata safiya na ga kumfa ta taru a kusurwa, fara fat, ƙanana-ƙanana. Sabulu na kashe kifi, wannan na riga na karanta. Na ɗaga murya.

"Wa ya wanke hannu da sabulu ya taɓa ruwan nan?"

Uwargida ta ce, "Maigida, tun da ka sha ruwan nan ban ƙara kusantarsa da hannu ba."

Na kwashe kumfar da cokali, na canza ruwa. Washegari ta dawo. Na kwashe. Rana ta uku ta dawo har ta fi ta jiya tudu, Janar yana ƙarƙashinta yana gadi. Ina ɗaga cokali sai babbar 'yata ta miƙo mini waya, "Abba, karanta." Namijin betta da bakinsa yake hura kumfa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da yawu, ya yi sheƙar da zai ajiye ƙwai in ya sami mata. Shi ne ma yake renon ƙwan. Wato bawan Allah ɗaki yake ginawa, yana shirin aure, ni kuma kullum da safe ina zuwa da cokali ina rushe masa.

Uwargida ta yi dariya har da riƙe bango. Ban ce komai ba, na mayar da cokali kicin.

Yanzu wata biyar ke nan. Anubiyas na ɗaure a itace ya fitar da sabon ganye biyu, ruwa garau, kumfa kuma ko kallon banza ba na yi mata. Amma Janar bai huce ba. Uwargida in ta sa yatsa a gilashi, bin sa yake yi kamar ɗan rago. Yara in sun zo, rawa. Ni kaɗai in na leƙo sai ya buɗe kumatu, ya baza jela, ya yi tsaye kamar zai fasa gilashi. 'Yata ta ce kada in damu, namijin betta ba ya jure ganin wani namiji, ko madubi aka nuna masa faɗa yake yi, wataƙila hotonsa yake gani a tabarau ɗina. Na ji sanyi a raina. Na cire tabarau, na sunkuya, na kawo fuskata dab da gilashi ina murmushi.

Ya matso, ya dube ni da kyau, ya buɗe kumatun fiye da kullum.