Ɗan Maliyo Ya Je Ilori, Har Yau Bai Dawo Ba

Asabar ɗin da ta wuce na je kamun 'yar wata ƙawata. Kun dai san kamun yanzu: zauren taro, fitilu suna walƙiya, mai kiɗa a gefe da na'urarsa kamar ya rantse sai ya fasa mana dodon kunne. Mu iyaye muna can baya, kowa na fifita da katin gayyata, ana gulmar ɗinkin anko. Can sai ya saki wata sabuwar waƙa ta yaran nan. A tsakiyarta kiɗa ya lafa, sai ga muryar mata ta shigo da amshin nan na dandali, "ayye mama, mamaye iye". Wallahi kafin a maimaita sau biyu, wata Hajiya da tun da muka zauna take kukan ciwon gwiwa ta miƙe tsaye tana tafi irin na gaɗa, na ƙwarai, mai amo. Wata ta rangaɗa guɗa. Ni kaina ban san lokacin da na ajiye jaka ba. 'Yan matan amarya kuwa wayoyi suka ɗaga suna ɗaukar mu, suna ƙyalƙyala dariya. Su tsofaffi suka gani suna abin kunya. Mu kuwa a 'yan daƙiƙun nan ba ma cikin zauren, muna ƙofar gidajen iyayenmu ne, farin wata ya haske ƙasa, ana jiran wadda za a kira ta fara komawa gida.

Tun ranar nake juya maganar a raina, shi ya sa na ce bari in zube ta a nan, wanda zai yi haƙuri ya karanta ya karanta.

Na sha jin masu cewa duk mawaƙin da ya ɗauko baitin waƙar yara ya cusa a tasa, basira ce ta ƙare masa. Ban yarda ba. Da ƙarewar basira ce, da bai san daidai gurbin da zai ajiye ta ba har ta tashi mai ciwon gwiwa. Waƙar yara ita ce abu guda da talaka da basarake, ɗan boko da almajiri, suka haddace tare tun ba su san bambancin da ke tsakaninsu ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, ba a yi mana jarrabawa a kanta ba, amma ta fi karatun da aka dake mu a kansa zama a ƙwaƙwalwa. Mawaƙin da ya taɓo ta ba sai ya yi bayani ba. Kalma uku kawai zai furta, sauran aikin zuciyar mai sauraro ce za ta ƙarasa masa. Ku duba ma sunan da muke kiran waƙoƙin fim da na zamani da shi: nanaye. Daga ina ya fito in ba daga amshin 'yan mata a dandali ba? Masana'anta guda, mai ciyar da dubban mutane daga Kano zuwa Kaduna zuwa Maraɗi, sunanta ma aro ne daga bakin yara masu tafi.

Wannan dabara ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma gaskiya wasu sun fi mu sanin darajarta. Agatha Christie, marubuciyar Ingila ta labaran kisa da bincike, ta mayar da abin kamar sana'a. Littafinta na 1939, And Then There Were None, gaba ɗayansa a kan waƙar ƙirge ta yara ta gina shi. Mutum goma aka tara a wani tsibiri, kowa ya tarar da waƙar a rataye a ɗakinsa, ga kuma 'yan gumaka goma a kan teburin cin abinci. Duk wanda ya mutu, irin mutuwar da baitin ya faɗa yake yi, kuma gunki ɗaya sai ya ɓace. Mai karatu ɗan Ingila ya san waƙar tun yana cinyar uwarsa, saboda haka ya san baitin da ke tafe. Tsoron a nan yake: ka san abin da zai faru, ba ka da ikon tsayar da shi.

Haka 'yan Koriya ta Kudu suka yi a Squid Game da ya fito a Netflix a 2021. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu, aka tara su suna wasannin yara, wanda ya faɗi a harbe shi. Mu da muka kalla daga nan mun ga wata ƙatuwar 'yar tsana tana rera wani abu tana waiwaye, muka tsorata iya namu. Amma ɗan Koriya jimlar da ya yi ta rerawa ce a lungun gidansu, wadda ke cewa furen ƙasarsu ya buɗe. Ka ɗauka a ce an yi fim, ana rera "carman dudu" ana harbe duk wadda ta kuskure tafi. To irin wannan sanyin jikin su suka ji, mu ɓurɓushinsa kawai ya iso mana.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da George Orwell ya yi a littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949. Akwai wata tsohuwar waƙar wasa ta yaran Landan da ke lissafa ƙararrawar coci-cocin birnin, kowace da abin da take faɗa. Yara biyu ke haɗa hannu sama kamar ƙofa, saura su riƙa wucewa ta ƙasa, a baitin ƙarshe a cafke wanda ya zo daidai. A ƙasar da Orwell ya ƙirƙira, gwamnati ta share tarihi tas, har ba wanda ya iya waƙar daga farko zuwa ƙarshe. Winston, tauraron labarin, sai ya shiga tsintar ta guntu-guntu. Wani dattijo mai shagon tsofaffin kaya ya ba shi farkonta da ƙarshenta, budurwarsa Julia ta ƙara baiti ɗaya da ta ji a bakin kakanta, wani babban jami'i mai suna O'Brien ya cike masa gurbin da ya rage. Shi a zatonsa duk wanda ya tuna waƙar nasa ne. Ashe dattijon ɗan sandan ciki ne, O'Brien kuma shi zai azabtar da shi. Ranar da aka zo kama Winston da Julia, muryar da ta fito daga bayan hoton da ke jikin bango baitin ƙarshen ta karanto musu, wanda ke cewa ga kyandir zai raka ka makwanci, ga gatari zai sare maka kai. Na karanta littafin nan ina jami'a, na manta rabin siyasar da ke ciki, amma wannan wurin bai taɓa barina ba.

Dalilin da ya sa ya dawo mini yanzu, bayan bikin nan na shiga zaurenmu na WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare, mu wajen arba'in, cikinmu har da likitoci da malaman jami'a. Na ce wa zai rubuto mana Ɗan Maliyo cikakkiya? Aka yi ta turo alamar dariya. Wata ta kawo "ya je Ilori". Wata ta ce ai bayan nan "ba zai dawo ba" ne. Aka yi gardama ko "sai a watan gobe" ke biye ko wani abu ne ya shiga tsakani. 'Yar Katsina ta ce su ba haka suke yi ba, 'yar Zariya ta ce nasu ne na asali. Muka kwashe kusan awa guda muna harhaɗawa kamar masu ɗinkin tsumma, kuma ba mu kai ƙarshe ba. Mu ba wata gwamnati da ta hana mu. Ba ɗan sandan ciki, ba doka. Da kanmu muka ajiye.

A gefe guda kuma autata, 'yar aji biyu a nazare, tana iya jero mini waƙoƙin Turanci sun fi goma ba tuntuɓe. Ta san gadar Landan tana faɗuwa, ita da ko gadar Wudil ba ta taɓa hayewa ba. Ta san baƙar tunkiya mai buhu uku na gashi. Ta san wani mai siffar ƙwai da ya faɗo daga kan katanga, duk dawakin sarki da mutanen sarki suka kasa haɗa shi. Ba na jin haushin wannan, kada a fahimce ni a baibai. Hasali ma zai yi mata rana. Wata rana za ta ci karo da littafin All the President's Men na 1974, wanda 'yan jaridar Washington Post biyu, Bob Woodward da Carl Bernstein, suka rubuta kan badaƙalar Watergate da ta kai Shugaba Nixon ga murabus a shekarar. Tana ganin sunan za ta ji amon waƙar ƙwan nan a ciki, ta gane ana nufin babba ya faɗi kuma fadawansa ba za su iya ɗinke ɓarakar ba. Za ta fahimci habaicin Amurkawa. Abin da ke damuna, na gidansu ne zai wuce ta.

Don mu ma muna da irinsa, kuma mai kaifi. Ku tuna tashe, da ake farawa idan azumi ya kai goma. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya naɗa rawani, ya rungumi allo, 'yan'uwansa na bin sa da "ka yi rawa kai malam, ka yi rawa", shi kuwa yana rantsuwa bai yi ba, alhali kafaɗa na motsi. Wane marubucin barkwancin siyasa ne ya taɓa zana munafunci da ya fi wannan? Mijina ya ba ni labarin wata rana a majalisarsu ana sauraron wani ɗan siyasa a rediyo yana musanta abin da kowa ya ga ya aikata. Wani dattijo bai ce komai ba, sai ya ɗan rera "ka yi rawa" ƙasa-ƙasa. Majalisa ta tarwatse da dariya, magana ta ƙare. Sharhin awa guda ba zai yi abin da kalmomin nan uku suka yi ba. Ga "tsoho da gemu, ya tsufa", ga Jatau mai magani da ke da maganin kowace cuta a buhunsa, ga tashen gwauro da Nalako ke jagoranta a Kano. Kowannensu kanun labari ne a shirye, jiran mai ɗauka kawai yake.

A nan ne nake da ƙorafi a kan mawaƙanmu da masu fim da marubuta. Idan sun ɗauko waƙar yara, kwalliya kawai suke yi da ita. Soyayya, biki, amarya ta yi kyau, shi ke nan. Kamar wanda aka ba takobi yake yanka albasa da shi. Ku sake sauraron Ɗan Maliyo da kunnen manya. Wani ya tafi gari mai nisa. Ba zai dawo ba. Sai a watan gobe. Muna yara muna tsalle muna faɗa, ba mu taɓa tsayawa mun ji nauyin abin ba. Yau gida nawa ne a Zamfara da Katsina da Borno ake jiran wanda ya fita bai dawo ba, kullum ana cewa sai wata mai kamawa? Mata nawa ne mazansu suka tafi ci-rani Legas ko suka bi hanyar Agadas, waya ta daina shiga? A ce mai fim ya nuna uwa zaune a tsakar gida da daddare, wayar da ake jiran kiran masu garkuwa tana kan tabarma, can a waje yara na tafi suna wannan waƙa. Ba ya bukatar kiɗan tausayi na fiyano, ba ya bukatar jaruma ta yi ta kuka minti biyar. Duk Bahaushen da ya haura shekara talatin sai ya kau da kai daga allon.

Na ce wanda ya haura talatin, kuma da gangan na faɗa. Ƙasa da haka ban da tabbacin zai ji komai, kuma ba laifinsa ba ne. Kafin wani ya zo sashen sharhi ya ce mini iyaye ne suka yi sakaci, bari in riga shi: ni ma ina ciki. Ba zan bar 'yata ta fita dandali bayan isha'i ba, ko da akwai dandalin. Unguwarmu kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, yamma ta Islamiyya ce, dare na aikin gida ne da talabijin. Dalilan da suka kashe dandali ba na wasa ba ne, wasunsu ma ina goyon bayansu. Malamai irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya sun yi nasu, sun tattara tatsuniyoyi da wasanni a littattafai tun muna firamare. Sai dai waƙar da ke kwance a takarda ba ta tashin mai ciwon gwiwa. Sai wadda aka rera da ƙafa a ƙasa, aka yi kuskure aka yi dariya, ita ce mawaƙi zai taɓo bayan shekara arba'in ta amsa.

Daren da muka kasa haɗa waƙar nan, na kira Goggo a ƙauye. Ta ɗauka a firgice, ta ce lafiya da daren nan? Na ce lafiya lau Goggo, Ɗan Maliyo nake nema. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, da girmanki da 'ya'yanki?" Ta yi dariya har da tari. Sai kuma ta gyara murya ta fara, tana yi tana ba kanta amshi, har ta zo inda duk mu arba'in muka maƙale: gobe da labari, jibi da labarai. Na sa ta maimaita na naɗa a waya na tura zaure. Autata na kwance a jikina tana saurare, ido biyu. Da aka gama ta ɗago ta ce, "Mama, shi Maliyon me ya je yi a Ilori?" Na ce ta bari idan mun je hutu ta tambayi Goggo da bakinta.