Ba kowace waƙa da ta fito sau biyu ba ce rimiks

Wai don Allah mu daina kiran komai rimiks. Kullum masoya Pet Shop Boys, mawaƙan nan biyu na Ingila, na musu a kan waƙarsu West End Girls, wasu su ce ta 1984 ce asali, ta cikin albam ɗin Please kuma rimiks ce. Ba haka ba ne fa. Ta farkon Bobby Orlando ne ya haɗa ta a New York, ta biyun kuwa komawa sutudiyo suka yi a 1985 da furodusa Stephen Hague suka sake ɗauka tun daga tushe, sabuwar murya sabon kiɗa, kuma ita ce ta kai lamba ɗaya a Ingila da Amurka a 1986.

Shi rimiks ai tsohon ɗaukan ake ɗaukowa a taɓa shi, a ƙara wa ganga nauyi, a ja gabatarwar ta yi tsawo saboda masu rawa, wani wajen ma a cire muryar gaba ɗaya. Irinsa wani furodusa Shep Pettibone ya yi wa West End Girls, yana cikin albam ɗinsu mai suna Disco. Sa abin kunne ka saurari ta Orlando, gangarta busasshiya ce kakas, ni kam ta Hague ta fi kwanta min.